Shekarar da Na Sauki Mai Aragi

Akwai maganar da ta biyo mu daga Masar, ta ma riga mu sauka a Funtuwa, kuma na san kowannenku ya ji ta a bakin wani kafin ya ji ta a bakina. An ce uwarku ta ajiye mai sayar da giya a ɗakinta a Alkahira, mijinta malami yana kallo. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya hana ni tanka wa kowa, ya ce in bar mutane da bakinsu. Na bi umarninsa har ya koma ga Mahaliccinsa. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara ja da baya, shi ya sa na ga gara in faɗa muku yadda abin ya faru tun ina iya tunawa. Musamman ke Hafsatu, don ke abin ya fi taɓawa alhali ba ki san hawa ba ba ki san sauka ba.

Malam ya koma karatun digiri na uku da furfura a gemunsa. Muka bar ku wurin kakarku, ya ɗauke ni don in riƙa kula da shi. Yawancin ɗalibanmu a unguwar Hay el-Sabi' suke, amma haya can ta fi ƙarfinmu, sai muka kama shaƙƙa, wato sashen haya mai ɗaki da falo, a unguwar Ainu Shams, hawa na uku a wani tsohon bene da ba ya shan iska. Abin da yake bincike a kai shi ne tarihin yaƙi da giya a duniya, kuma tun da babu ku a gidan, ni na zama ɗalibarsa. Bayan magariba, in mun sa kwanon ful, dafaffen waken nan nasu, a gaba, sai ya fara. Ya ba ni labarin matan Amurka na zamanin da, waɗanda mazansu suka ƙare a mashaya, yadda suke zuwa su durƙusa a ƙofar shagon giya suna addu'a irin tasu har kunya ta kama mai shagon. Ya ce daga baya gwamnatinsu ta haramta giya gaba ɗaya, aka yi fiye da shekara goma a haka, sai dafa ta ya koma ɓoye, 'yan daba suka yi ƙarfi, mutane suka riƙa shan guba suna mutuwa, har aka janye dokar. Ya ba ni labarin ranar da aka zubar da giyar Khartum a kogin Nilu, da irin namu na gida da ake sa mota ta bi ta kan kwalabe. Kullum da tambaya ɗaya yake rufewa.

"Salamatu, me ya sa a Madina mutane suka zubar da ita a kan hanya da hannunsu, ba wanda ya ɗaga musu sanda?"

Ni kuwa ba na son dogon turanci a kan giya. Ƙanen mahaifiyata burkutu ce ta cinye shi, ina yarinya na ga an ɗauko shi daga kwata. Sai in ce masa, "Malam, ni dai a hana. Ko da sanda ne a hana."

A hawa na biyu, daidai ƙarƙashin ɗakinmu, akwai Hajja Sa'adiyya. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun tsaya a can a hanyarsu ta zuwa Makka da ƙafa, ba su ƙarasa komawa gida ba. Hausarta irin ta kakata ce, tsohuwa, ta gauraya da Larabci. Ranar da ta fara jin ina waya da ku a matakala sai ta fito ta rungume ni kamar mun shekara da rabuwa. Ita ta nuna mini inda ake samun kuɓewa busasshiya, ita ta koya mini hawa jirgin ƙasa na metro a taragon mata, ita ta koya mini yin kisra, wannan gurasar tasu mai fale-fale. Kowace hantsi ina ɗakinta tana soya 'ya'yan gahawa a kan garwashi. Mijinta ya rasu tun a Sudan, ɗa ɗaya gare ta, Usman, dogo mai fara'a, yana aiki a wurin masu yin takalma. In ya gan ni da kaya a hannu sai ya karɓe, ya kira ni inna da Larabcinsu, ya ce, "Khalti, ai ba a yi haka ba." Ban taɓa sanin yana sha ba. Ita ta sani, ta ɓoye, tana ta addu'a.

A farkon shekarar dubu biyu da sha uku, wata rana da hantsi, na ji ihunta ta ƙasan ƙafata. Na sauka na tarar da Usman a ƙasa yana amai yana lalube. Aka kai shi asibiti. Likita ya ce aragi ya sha, wato giyar dabino da ake dafawa a ɓoye, kuma an haɗa ta da sibirto, wani sinadari mai guba irin na masana'anta. Bai kwana biyu ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki, Hajja ta hau bene wurinmu, ta zauna a bakin ƙofa ta ce da Malam, "Ya Shehu, Salamatu ta taɓa ba ni labarin wasu mata da suke zama a ƙofar masu giya. Maimaita mini." Ya maimaita mata tun daga farko har ƙarshe. Ta saurari farkon da kyau. Ƙarshen kam ban ga alamar ya shiga kunnenta ba, ni ma a lokacin bai shiga nawa ba.

Haka muka fara. Matan Sudan na unguwar, da mu matan ɗalibai kaɗan, muka riƙa haɗuwa a falona. Kowa ya san gidajen da ake dafa aragi, ba a dai faɗa ne. Bayan la'asar sai mu ɗauki tabarmi mu je mu shimfiɗa a ƙofar gidan, mu zauna da carbi a hannu. Ba zagi, ba jifa. In mai saye ya shigo lungun ya ga iyayensa mata a jere, sai ya sunkuyar da kai ya wuce kamar ba nan ya nufa ba. Hajja tana gaba da farin tob ɗinta, mayafin nan na matan Sudan, na makoki, ba ta cewa komai, kallo kawai take yi. Gida biyu suka daina a kan idonmu. Ban taɓa jin ina da amfani a duniya kamar a makonnin nan ba, kuma har yau ban ga laifin abin da muka yi ba.

Sai dai lokacin ƙasar a hargitse take. Tun bayan juyin juya halin da aka yi, 'yan sanda ba su cika shiga lunguna irin namu ba, kowace unguwa samarinta ne hukuma. A rediyo ana ta maganar za a daina ba da izinin sayar da giya a sababbin unguwanni, a masallatai ma zancen ke nan. Wasu samarin Masar na unguwar suka fara biyo mu, suna cewa sun zo ba mu kariya. Wasu daga ɗalibanmu, waɗanda suke ɗaukar karatu wurin Malam ranar Asabar, suka shiga cikinsu. Mu muna zaune, su suna tsaye da gorori. Wata rana suka ɓalle ƙofar wani mutum suka yi masa dukan da sai da aka ɗauke shi. Na ce wa Hajja abin nan ya fara fita hannunmu. Ta ce, "Da sun zo tun bara, da Usman yana nan."

Gida na uku na wata mata ne mai suna Asha, ita ma Bahaushiyar Sudan. Matan suka ce ni zan fara zuwa in yi mata magana, tun da ni matar malam ce. Na je da safe ni kaɗai. Ɗaki ɗaya ne a ƙasan bene, ba taga sai wata 'yar kafa, warin dabino da ya ruɓe ya cika shi. Ga tukunya da bututu a bayan labule, ga 'ya'yanta mata uku a kan katifa ɗaya. Na yi sallama ta amsa, ta shimfiɗa mini buhu. Na fara wa'azin da na shirya tun a hanya. Ta bar ni har na gama, sannan ta kori yaran waje, ta juya mini baya ta sauke rigarta. Tabon bulala ne layi-layi, tsoho a kan tsoho.

"Wannan na Khartum ne, a kan aragin nan," in ji ta. "Hajiya, ranar da aka zubar da giya a Nilu ina yarinya, ina wurin, a kafaɗar babana. Na yi guɗa har muryata ta dushe. Ban san ni za a wayi gari ana kamawa ba."

Ta ce mijinta ya kama hanyar Libiya neman aiki, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta yi wankau, ta yi shara a gidajen mutane, ba takardar zama, duk wanda ya ga dama ya hana ta haƙƙinta. Aragi ne kaɗai sana'ar da mai saye yake zuwa da ƙafarsa. Na ce mata duk da haka haram haram ce, kuma rai ya salwanta a unguwar nan. Sai ta zuba wa ƙasa ido.

"Na sani," ta ce. "A wurina Usman ya saya."

Ta ce dabino ya yi tsada a lokacin, wani mutum ya kawo mata sibirto a jarka ya ce kowa da shi yake ƙarawa. Sau ɗaya ta ƙara. Tun da ta ji labarin Usman ba ta sake barcin kirki ba, ta zubar da sauran jarkar, amma ba ta daina dafawa ba, don ba ta san abin da za ta ba yaran ba. Ta ce ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ita ma ba ta san abin da ya sa ta faɗa mini ba.

A hanyar komawa na haɗu da matar wani ɗalibi, take gaya mini samarin sun gama shawara. Bayan sallar Juma'a za su fito da Asha kan titi, su cinna wa kayanta wuta, sannan su miƙa ta ga hukuma. Wanda ba shi da takardar zama kuwa kowa ya san ƙarshensa, kurkuku, daga nan a tasa ƙeyarsa zuwa inda ya gudo. Ba wanda ya yi zancen yaran.

Na isa gida na tarar da Malam a kan littattafansa. Na faɗa masa komai, har da abin da ta gaya mini game da Usman. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido.

"Me kike so a yi?" ya ce.

"Ina so in ɗauko ta."

"Ke da kike cewa ko da sanda ne a hana?"

"Giyar nake so a hana, Malam. Na ga sandar a bayanta, ba ta hana komai ba."

Ya ce in zauna. Ya ce in san cewa in ta shigo gidan nan, sunansa da nawa sun shiga bakin duniya, kuma maganar ba za ta tsaya a Masar ba. Ya ce akwai sharaɗi biyu. Na farko, ta zubar da duk abin da ta dafa da hannunta kafin ta tako matakalarmu. Na biyu, Hajja Sa'adiyya tana da haƙƙin sanin gaskiya, ba za mu zauna a samanta da wannan a cikinmu ba. Na ce na yarda. Gaskiya na biyun ya fi ba ni tsoro.

Ranar Alhamis da hantsi na koma. Asha ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki jarkokin ɗaya bayan ɗaya ta tuttule su a makwarara ina tsaye, ta karya bututun a gwiwarta. Muka sa 'yan komatsansu a tuk-tuk, wato keke mai ƙafa uku, muka taho, rana tsaka, kowa yana gani.

Washegari samarin suka tarar da ɗaki wayam. Ba a jima ba muka ji hayaniyarsu a ƙofar benenmu. Malam ya sa babbar rigarsa ya sauka ya tsaya a matakala, ni ina leƙe daga sama. Wanda yake gaba ɗalibinsa ne, Kabiru, yaron da nake zuba wa tuwo duk Asabar.

"Allah gafarta Malam," in ji Kabiru, "an ce matar nan tana gidanka."

"Tana ciki. Giyar da kuka zo dominta tana cikin kwata tun jiya, ku je ku duba. Matar kuma tana cikin amanata."

"Malam, kai ka karantar da mu hukuncin mai sayar da ita."

"Na karantar da ku. Na kuma karantar da ku wanda yake da ikon zartar da hukunci. A cikinku wane ne alƙali?"

Ya maimaita musu da Larabci saboda 'yan Masar. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, wani ya tofar da yawu a gabansa. Daga ƙarshe wani dattijo mai kanti a ƙasan benen ya fito yana cewa khalas, khalas, wato ya isa haka, ya kore su. Suka tafi, amma Asabar ɗin da ta biyo baya ba wanda ya zo ɗaukar karatu. Tuwon da na tuƙa mu muka ci abinmu.

A ranar Asabar ɗin ne muka sauka wurin Hajja. Asha ce da kanta ta ce in raka ta. Mun same ta tana soya gahawa. Ta kalle ni, ta kalli Asha, ba ta ce mu zauna ba. Asha ta durƙusa a bakin ƙofa ta faɗi abin da ta faɗa mini, ba ta rage komai ba, ba ta kuma kawo uzuri ba. Hajja ba ta motsa ba. Gahawar ta ƙone a kasko, hayaƙi ya cika ɗakin, ba wadda ta tashi ta sauke.

"Idonsa ne ya fara tafiya," Hajja ta ce, a hankali. "Yana ce mini Yumma, uwata, kunna fitila. Ga rana ta shigo har tsakar ɗaki, yana cewa in kunna fitila."

Asha ta kifa goshinta a ƙasa tana kuka.

"'Ya'yanki nawa?"

"Uku."

Hajja ta ce, "Tashi ki fita. Ba zan kai ki wurin kowa ba, ba zan faɗa wa samarin nan ba, don na san abin da za su yi. Amma ban yafe ba. Kada wani ya ce miki na yafe. Ni da ke sai gaban Allah." Asha ta fita. Na juya zan bi ta, sai Hajja ta kira sunana.

"Salamatu. Kin sani kafin ki ɗauko ta?"

"Na sani, Hajja."

"Kin sani, kika kawo ta kika ɗora mini a ka. In kwanta ina jin takunta a rufin ɗakina."

Na buɗe baki in yi bayani, ta ɗaga mini hannu. Daga ranar ban sake shan gahawa a ɗakin nan ba.

Asha ta zauna da mu duk tsawon zafin shekarar har bayan Babbar Salla. A kan yatsun ƙafa take tafiya a cikin gidan, ta kuma hana yaranta gudu ko jan kujera, saboda wadda take ƙasa. Tare muka riƙa yin kisra tana kaiwa wuraren cin abincin 'yan Sudan, har ta samu ta kama ɗaki a wata unguwa mai nisa ta fara sayar da shayi. Iyakar sanina ba ta sake dafa aragi ba. Zaman da muke yi a ƙofofin mutane kuwa ya mutu, don matan sun rabu biyu a kaina. Da mulki ya sake juyawa a tsakiyar shekarar, samarin masu gorori suka watse, wasu aka kama, wasu suka aske gemu. Gidajen aragi suka sake buɗewa a lungunan da ke gaba.

Kafin nan waya ta riga ta kai labari gida, an ƙara masa gishiri. Abin da ya sa ke nan, Hafsatu, dangin wanda ya fara neman aurenki suka janye bayan an sa rana. Na ji kukanki a waya, kina tambayata me kika yi musu. Allah ya musanya miki da wanda ya fi, amma na san zafin wancan lokacin bai gama barinki ba, kuma ni na jawo miki shi. Ki yi haƙuri. Mahaifinku ma bai sake samun ɗaliban nan ba har ya gama, ko da yake Kabiru ya zo ya ba shi haƙuri ana gobe za mu taso.

Ranar da za mu bar Masar, a shekarar dubu biyu da sha biyar, muna sauko da akwatuna sai na ga ƙofar Hajja a buɗe, tana tsaye a bakinta. Ta rame, tob ɗin ya yi mata yawa. Tun wancan lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu a matakala.

"Na fito in ce Allah ya kai ku lafiya," ta ce. "Haƙƙin maƙwabtaka ne."

Na ajiye jakata na ce, "Hajja, ki yafe mini."

"Ke ba ki kashe mini kowa ba," in ji ta. "Wataƙila ma abin da kika yi shi ne daidai, na yi ta tunani. Amma in na kalle ki, ita nake gani. Ba yin kaina ba ne." Ta kama hannuna ta riƙe kaɗan, ta sake shi, ta koma ciki ta tura ƙofa.

Bayan 'yan shekaru wani ɗalibi da ya dawo ya gaya mini ta rasu a ɗakin nan nata.

To, wannan shi ne abin da ya faru. In wani ya sake ce muku uwarku ta sauki mai giya, kada ku yi musu, ku ce gaskiya ne. Har gobe ina ƙin giya kamar ranar da na ga an ɗauko kawuna, kuma da za a ce yau in ɗauki tabarma in je in zauna a ƙofar mai sayar da ita, da sai in nemi wanda zai riƙe mini hannu in je. Da kuma za a maido ni wancan ɗaki na ƙasan bene, da na sake ɗauko matar nan da 'ya'yanta. Na rasa aminiyar da ban taɓa yin kamarta ba a kan haka, kuma ban taɓa cewa ta zalunce ni ba. Abin da nake roƙonku ɗaya ne. In na mutu kuna yi mini addu'a, ku haɗa da Hajja Sa'adiyya da ɗanta Usman. Ba su bar kowa a bayansu da zai ambaci sunansu ba.